Tsatsa ta kama gardabun babur: yadda za mu sabunta fentinsa a gida

Ƴan uwa manoma da makiyaya, babur, wanda muka fi sani da moto, ya zama jakin wannan zamani. Shi ke kai mu gona da garka. Shi ke ɗaukar buhun albasa daga Galmi zuwa bakin kwalta, da buhun gujiya zuwa kasuwar Tasawa. In mace ta fara naƙuda cikin dare, ko yaro ya suma da zazzaɓi, sau da yawa shi ne ke kai su gidan likita. Matasa da dama a Maraɗi da Damagaram da aikin kabu-kabu suke ciyar da iyalinsu. Abin da ke yi mana wannan hidima ya cancanci kulawa.

Mun saba canza man inji da ɗaure sarƙa. Amma fenti, mutane da yawa suna ɗaukarsa kwalliya ce kaɗai. Ba haka ba ne. Ƙarfe yana yin tsatsa in ruwa da iska sun haɗu a kansa. Fenti riga ce da ke raba ƙarfe da waɗannan abubuwa biyu. Da rigar ta yage, ko da wurin bai fi ƙwayar wake ba, tsatsa za ta shiga. Daga nan sai ta dinga rarrafe a ƙarƙashin fentin da ya rage, tana kumbura shi, yana ɓantalewa.

Babur ɗin manomi ya fi na ɗan birni shan wannan wahala. Taɓon damana yana liƙewa a cikin gardabu, watau ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke rufe taya, ya riƙe danshi kwana da kwanaki. Takin zamani, da gishiri, da kanwa, da fitsarin dabbobi, duk suna ƙara wa tsatsa sauri. Wanda ya ɗauko buhun taki ya bar garinsa a jikin babur, ya ba tsatsa abinci.

Mai koyo ya fara da ƙaramin ƙarfe

Shawararmu ga wanda bai taɓa yin fenti ba ita ce ya fara da gardabun gaba. Ƙarami ne, ba wuyar kwancewa, kuma in aikin bai yi kyau ba hasarar kaɗan ce. Kada ya fara da tankin mai. Za mu faɗi dalili nan gaba.

Da farko mu tabbata ko gardabun ƙarfe ne ko roba, zama babura da yawa na yanzu da na roba suke zuwa. Mu ɗauki mayen ƙarfe, irin wanda ke cikin tsohuwar sifikar rediyo, mu kanga. In ya kama, ƙarfe ne. Roba ba ta tsatsa, kuma fentin ƙarfe ba ya zama a kanta sai an fara shafa mata wani share fage nata na musamman. Gardabu mai farin ƙyalli kamar madubi shi ma fenti ba ya kama shi da kyau. Wannan darasi na ƙarfe ne mai fenti wanda tsatsa ta fara ci.

Sa'an nan mu ƙwanƙwasa wurin tsatsar da bakin ƙusa. In ƙusar ta ɓula shi, fenti ba zai warkar da shi ba. Sai mai walda, ko kuwa sabo.

Kayan da za mu tanada

Muna bukatar samfefa, watau takardar nan mai kaushi da ake gogar ƙarfe da katako. Ga wurin da karatunmu zai yi mana rana: a bayan kowace samfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba tana nufin kaushi mai yawa, babbar lamba tana nufin laushi. Lamba 120 ta cin tsatsa ce. Lamba 240 ta daidaita wuri ce. Lamba 400 da 600 na gyaran ƙarshe ne. Mu ce wa mai kanti ya ba mu samfefar ruwa, baƙar nan da ba ta lalacewa in ta jiƙe.

Fentin kansa hawa uku ne. Na farko shi ne maganin tsatsa, wanda masu kanti ke kira antiruy. Yawanci ruwan toka ne ko ja mai duhu. Shi ke kama ƙarfe, kuma a kansa launi ke zama. Na biyu shi ne launin da muke so. Na uku shi ne barni, wanda ba shi da launi, yana ba da ƙyalli kuma yana kare na ƙasa. Ana samun su a gwangwanin feshi, wanda akasari ke ɗauke da mililitir 400. Gwangwani guda na kowane iri ya ishi gardabu ɗaya. Wanda kuɗinsa bai kai ba yana iya barin barni, amma kada ya bar antiruy. In aka fesa launi a kan ƙarfe tsirara, ba ya jimawa zai kware.

Ya fi kyau ukun nan su zama na kamfani ɗaya. Ba duk fenti ke jituwa da ɗan uwansa ba. Wani in ya hau kan wani sai ya narkar da shi, fuskar ta yamutse kamar fatar tsohuwar salka. Domin haka mu nemi wani guntun kwanon rufi mai tsabta ya zama wurin gwaji. Duk abin da za mu yi wa gardabu, mu fara yi wa guntun kwanon.

Sauran kayan su ne buroshin ƙarfe, da sabunin gari, da bokiti, da tsummokaran auduga masu tsabta, da ɗan alkol na kantin magani ko diliyan, watau ruwan tsinka fenti. Sai waya ta ratayewa, da tsohon kwali, da safar hannu ta roba, da tabarau, da abin rufe hanci. Kafin mu saya, mu tambayi kuɗin sabon gardabu, mu haɗa kuɗin waɗannan kaya a takarda, mu gwada. Wani lokaci sabon ya fi araha. Amma wanda ya koyi aikin zai sake amfani da shi a kan amalanke, da ƙofar ƙarfe, da kan injin ban ruwa.

Lafiyarmu kafin aikin

Wannan aiki yana da illa iri biyu ga jiki: ƙurar tsohon fenti, da warin sabo.

Wasu fentoci, musamman ja da rawaya da ruwan goro, ana sa musu dalma. Ido ba ya gane mai dalma da marar dalma. In muka goge irin wannan fenti a bushe, ƙurarsa za ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yaro zai taɓa ƙasa, ya kai hannu baki. Dalma tana taruwa a jiki sannu a hankali, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, ta sa shi ƙarancin jini. Tana kuma ratsawa daga mace mai ciki zuwa ɗan da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jini da aka sani marar illa.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga mugun aikin dalma a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan da ake haƙar zinariya. Can ba fenti ne ya jawo ba, duwatsu ne masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Kuma dalmar da ke cikin gardabu guda ba ta kama ƙafar waccan ba. Amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a tsakar gida, hannun yaro, baki.

Saboda haka da ruwa za mu yi gugar. Samfefa jiƙaƙƙiya ba ta tada ƙura. Ruwan gugar mu zuba shi a rami nesa da rijiya, nesa da garka da wurin shan dabbobi, mu rufe da ƙasa. Kada mu ƙona tsohon fenti da wuta domin ya fita da sauri, kamar yadda wasu ke yi. Hayaƙinsa ya fi ƙurar muni.

Warin sabon fenti kuwa tururin diliyan ne. Yana sa ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, wani har ya ji kamar ya bugu. Mai fuka, da mace mai ciki, da yara, su yi nesa da wurin. Kada a yi feshi a cikin ɗaki ko shago rufe. Rawani ko ƙyalle a hanci yana tare wani abu na ƙura da ɗigon fenti, amma tururin yana ratsa shi. Abin rufe hanci mai gawayi a gefuna shi ne ke tare tururi. Wanda bai samu ba, ya yi aikinsa a fili, ya tsaya ta inda iska ke kore warin daga fuskarsa, kuma ya ja da baya tsakanin shafi da shafi.

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin masu fenti, wai in an sha madara bayan aiki tana wanke gubar. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa. Tururin kuwa ta huhu ya shiga jini, madara ba ta iske shi can.

Sai maganar wuta. Mu duba jikin gwangwanin, za mu ga hoton harshen wuta. Ma'anarsa abin da ke ciki yana kamawa nan take. Tururin fenti da na man fetur sun fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa suke bi har su kai ga murhu. Ba taba, ba ashana, ba fitilar kananzir. Abokan hira in sun zo kallo, su kai gawayin shayinsu can nesa. Gwangwanin kuma kada a bar shi a rana. A jikinsa an rubuta kada zafinsa ya wuce digiri 50, alhali ƙarfen da aka bari a ranar watan Afrilu a Tawa ko Yamai yana wuce haka.

Lokaci da wuri

Fenti ya fi son yanayi matsakaici, wajen digiri 15 zuwa 25, marar ƙura, marar danshi. A ƙasarmu irin wannan rana sai an zaɓe ta. A damana danshi yana sa fenti ya yi fari-fari, ya rasa ƙyalli. A bazara zafi yana busar da feshin tun yana cikin iska, ya sauka kamar rairayi. A hunturu ƙura ce ke liƙewa. A ganinmu lokacin da ya fi shi ne bayan kaka, in ruwa ya ɗauke, an ƙare aikin gona, hazo bai sauka ba. A kowane wata dai, safiya ta fi, kafin rana ta yi zafi iska ta taso. In safiyar ɗari ce mai sanyi ƙwarai, a jira rana ta ɗan ɗaga. Ana iya tsoma gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi kaɗan wanda hannu ke jurewa. Kada a kai shi kusa da wuta ko sau ɗaya.

Wurin aiki rumfa ce mai inuwa wadda iska ke ratsawa, nesa da madafa da rumbu da shanyar abinci. Feshi yana tafiya nesa fiye da yadda muke zato, kuma ba ma so ya sauka a kan kuɓewa ko tattasai da aka shanya. Mu kafa zana ta gefen da iska ke fitowa. Mu yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta. Awaki da kaji a tsare su.

Gyaran ƙarfe, inda mafi yawan aikin yake

Mu kwance gardabun. Kusoshi da notoci mu zuba su a gwangwani guda kada su ɓace cikin rairayi. A wasu babura sai an cire tayar gaba kafin ya fita. In haka ne, kuma ba mu saba ba, bakanike ya cire mana ya kuma maida, saboda birki yana wurin.

Mu wanke shi ciki da waje da sabunin gari. Wanki kafin guga yake zuwa. In muka fara da guga, samfefa za ta tura maiƙo cikin ƙarfen, fenti kuma ba ya zama a kan maiƙo.

Mu kankare tsatsar da ta yi ɓawo da buroshin ƙarfe, bayan mun jiƙa wurin. Sa'an nan samfefa lamba 120, muna tsoma ta a ruwa, har sai farin ƙarfe ya bayyana. Duk wani ɗigon ja ko baƙi da muka bari, iri ne muka binne. Zai tsiro a ƙarƙashin sabon fenti. Cikin gardabu, inda ido ba ya gani, nan tsatsa ta fi yawa, kuma nan ne mai gaggawa ke tsallakewa.

Ba tilas ne mu cire tsohon fenti duka ba. Inda ya kama da ƙarfi, bai kumbura ba, bai tsage ba, mu bar shi. Amma iyakar da ke tsakanin tsohon fenti da farin ƙarfe tana da ɗan tudu. Mu goge ta da lamba 240 har tudun ya ɓace. Mu rufe ido mu shafa da yatsa. In yatsa ya ji gaɓa, ido zai gan ta bayan fenti, zama fenti ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi. Daga nan mu bi gardabun duka da lamba 400 har ƙyallinsa ya mutu. Wannan ƙaramin kaushi shi ne abin da sabon fenti zai riƙe.

In akwai ɗan loɓawa, a dafa shi a kan buhun rairayi a bubbuga daga ciki da guntun itace. Ƙwararru suna cike loɓawa da mastik, amma mai koyo yana iya barin wannan sai gaba.

Mu ɗauraye, mu share, mu bar shi ya bushe sarai. Sai mu goge shi da tsumma mai tsabta da aka ɗiga wa alkol. Diliyan ma yana yi, sai dai yakan tausasa tsohon fenti, don haka a gwada a wani lungu tukuna. Man fetur bai dace ba, yana barin maiƙo. Daga wannan lokaci kada hannu tsirara ya sake taɓa shi, domin gumin yatsa ma maiƙo ne. Mu rataye shi da waya ta ramin ƙusa. Kuma a ranar za mu fesa antiruy. Farin ƙarfe in ya kwana, raɓa kaɗai ta isa ta maido masa da tsatsa.

Yadda ake feshi

A cikin gwangwanin akwai ƴar ƙwallo. Mu girgiza har mu ji ƙararta, mu ci gaba da girgizawa minti 2 cikakku. Mu fara fesawa a kan kwali mu ga yadda yake fita.

Tsakanin gwangwani da ƙarfe a bar santimita 20 zuwa 30, watau taƙi ɗaya da ƴan yatsu. Mu danna tun hannu bai kai kan gardabun ba, mu wuce da shi a miƙe, mu saki bayan ya fita ɗaya gefen. Hannu ba ya tsayawa wuri ɗaya yana dannawa. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi. A fara da ciki da gefuna, a ƙare da bayan da ake gani.

Shafin farko ya zama siriri, har ana hango ƙarfen ta cikinsa. A nan ne zuciya ke cewa a ƙara, bai rufe ba. Kada mu bi ta. Mu jira minti 10 zuwa 15, mu yi na biyu, mu sake jira, mu yi na uku. Shafi uku sirara sun fi guda mai kauri, domin mai kauri samansa ke bushewa ya bar cikinsa ɗanye.

In mun ƙare, mu kifa gwangwanin kansa ƙasa, mu danna har iska kaɗai ke fita. Haka ke hana bakinsa toshewa.

Antiruy ya kwana. Washegari mu shafe shi a hankali da lamba 600 da ruwa, ba da ƙarfi ba, har ya yi santsi. In farin ƙarfe ya leƙo a wani gefe, a sake fesa wa wurin. A share, a bar shi ya bushe ƙwarai, sa'an nan launi, shafi uku kamar yadda muka yi. Bayansa barni, shafi biyu.

Game da jira tsakanin launi da barni, mu karanta abin da aka rubuta a gwangwani, ko mu sa wanda ya iya Faransanci ko Ingilishi ya karanta mana. Akwai fentin da ke son a ƙara masa shafi cikin awa guda, in an wuce haka sai an jira kwana 2, in ba haka ba ya yamutse. Abin da mai fentin ya rubuta shi ke gaba da abin da muka faɗa a nan.

Wanda ba shi da gwangwanin feshi yana iya aiki da fentin mai da buroshi mai laushi. A tsinka shi kaɗan, a shafa siriri ta fuska ɗaya, a bar kwana guda tsakanin shafi da shafi. Ba zai yi ƙyallin feshi ba, amma wajen tare tsatsa ba ya kasawa. Ga cikin gardabu da ƙarfen ɗaukar kaya na baya, mu mun fi son buroshi, domin shafinsa ya fi kauri.

In aikin ya ɓaci

Fenti yana zubar da hawaye in an matso kusa ko an tsaya wuri ɗaya. Kada a share shi da tsumma yana ɗanye. A bar shi kwana 2 ya yi ƙarfi, a goge tudun da lamba 600 da ruwa, a sake shafi siriri. In fuskar ta yi kaushi kamar rairayi, an yi nisa da yawa ko zafi ya yi yawa. In ƙananan ramuka sun fito, maiƙo ne ya rage. Sai an goge wurin an sake tsabtacewa. Ƙuda ko tsinke in ya faɗa, a ƙyale shi har fentin ya bushe. Yatsan da ya je cire shi ya fi shi ɓarna.

Fenti yana bushewa ga taɓawa cikin awa guda, amma bai ƙosa ba. Yana ɗaukar mako guda ko fiye kafin ya yi tauri. Mu danna farce a kan guntun kwanon gwaji. In ya bar shaida, a ƙara haƙuri. A maida gardabun bayan kwana 3 ko 4 in babur ɗin ba ya jira, amma kada a ɗaura masa roba ko igiya, kada a goge shi da ƙarfi, sai bayan mako 2.

Tanki da wuraren da ba a taɓawa

Yanzu ga dalilin da ya sa muka ce a bar tanki. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari, domin cike yake da tururin fetur gauraye da iska. Tartsatsi ɗaya ya isa ya fashe shi. Mai son fentin tanki tilas ya juye man a jarka mai murfi, ya wanke cikinsa da ruwa da sabuni sau da yawa, ya bar shi buɗe a inuwa ya sha iska har warin ya tafi. Ko bayan haka, kada a kai masa walda ko injin guga a gida.

Dalili na biyu, man fetur yana narkar da fentin gwangwanin feshi na yau da kullum. Mu da ke shan mai a kwalba wurin ƴan ruwa-ruwa, da wuya a zuba bai ɗiga ba. Kwana kaɗan sai a ga zane ya gangaro daga bakin tanki. Akwai barnin da fetur ba ya ci, wanda ake gauraya ruwa biyu kafin a fesa. Amma tururinsa yana jawo fuka mai tsanani, wadda kan zauna wa mutum har ƙarshen rayuwarsa. Wannan aikin masu garejin fenti ne da ke da kayan kariya. Wanda duk da haka ya yi wa tankinsa fentin gwangwani, ya riƙe tsumma a aljihu ya share duk ɗigon mai nan take. Ya kuma kula kada fenti ya toshe ɗan ramin iska na murfin tanki, in ya toshe mai ba zai sauka ba.

Lambar da aka buga a jikin ƙashin babur da ta inji kada fenti ya rufe su, zama su ne jami'an tsaro ke gwadawa da takardu. Haka lambar baya, da fitilu, da ƴan madubban nan ja masu ƙyalli da dare. Birki, da sarƙa, da sandunan gaba masu shiga da fita, ba a yi musu fenti. Bututun hayaƙi kuwa fentin gardabu ƙonewa zai yi a kansa. Yana da nasa mai jure zafi.

In tsautsayi ya faru

In fenti ko diliyan ya faɗa ido, a wanke da ruwa mai tsabta ana kwarara shi minti 15, sa'an nan a tafi gidan likita. Wanda jiri ya kama, a fitar da shi inda iska ke kaɗawa, ya zauna. In numfashinsa ya yi wuya, a kai shi likita ba jira.

Kada a zuba diliyan ko fetur a kwalbar lemo ko robar ruwan sha. Yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko mai. Wajen amai ruwan yana iya faɗawa huhu, can kuma ya fi yin ɓarna. A ɗauke shi zuwa gidan likita tare da kwalbar, domin ma'aikacin lafiya ya ga abin da ya sha.

In ƙarfe mai tsatsa ya yanke mu, mu wanke da ruwa da sabuni, mu je a duba ko muna bukatar allurar rigakafin tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. In wuta ta kama fenti ko mai, rairayi ake zubawa. Ruwa watsa ta yake yi. Bokitin rairayi ya kasance kusa tun kafin a fara.

Fentin da ya ɓata hannu, a murza shi da man gujiya, sa'an nan sabuni. Fetur da diliyan suna busar da fata har ta tsage, kuma suna ratsa ta. A wanke hannu da fuska kafin a ci abinci ko goro. Tufafin aiki a wanke su dabam da na yara.

Tsummokaran da suka sha fenti a baza su a waje su bushe, kada a tara su wuri ɗaya. Gwangwanin feshi ko ya ƙare akwai sauran iska a ciki: ba a huda shi, ba a jefa shi a wuta, ba a ba yara su yi wasa da shi. Gwangwanin fentin mai kuma, komai kyansa, ba ya zama moɗar ruwa ko mazubin gishiri. A ƙwanƙwatse shi, a binne shi tare da tsummokaran a ramin da muka zuba ruwan guga.